Kada a Taɓa Kan Gawo

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ruwa ya ɗauke hatsi yana tsaka da bununi. A Tchaké gawo ne ya riƙe mana awaki, don shi ke da ganye da rani. Amma ba a taɓa reshe sai da izinin ƴan gandun daji.

Ɗana na fari a bironsu, wato ofishinsu, na Mayahi yake aiki. Ba zan rubuta sunansa ba, tun ranar suna ban taɓa faɗarsa ba. Mai Nasara nake ce masa, shi ma in ya zama dole. Haka aka rene mu, uwa tana kunyar ɗan fari. Shi ke zuba sharuɗɗan izini cikin ordinata, wato kwamfuta, ita kuma ta tura wa mai gona ta salula. Da fari rubutun Faransanci take turawa, ba mai karantawa, kowa ya yi ta sara yadda ya so. Sai ya roƙi shugabansa aka bar shi ya ɗauki sharaɗin da muryarsa, da Hausa. Duk wanda aka ba izini, salularsa ta yi ƙara, ya ji:

"Salamu alaikum, masu gona. A sassabe rassan gefe, kada a taɓa kan gawo. Tsohuwata ta ce gawon da aka yanke wa kai ba ya sake kula gona."

Ƙawata Rakiya ta same ni bakin rijiya tana dariya. "Jummai, ashe kin shiga gwamnati ba ki gaya mana ba? Har Attantané ana jin dokarki."

Na ce, "Surutun yara ne, ina ruwana."

Da bazara sanƙarau ya ɗauke shi. A zaman makoki ban yi kuka ba, ido yana kaina. Awakina biyu ne, reshe ɗaya yana kai su kwanaki, amma da izini ya ƙare sai in sa a sabunta mini. Saƙon muryar kira ne kawai, ba ya zama cikin salula. In ya shigo sai in zaga bayan rumbu in saurara.

Wata rana Rakiya ta dawo daga kasuwa, ba dariya. Ta ce sabon perfe, wato shugaban gunduma, ya sa a gyara sharuɗɗa, kuma Jaji, abokin aikin marigayi da ya gaji kujerarsa, zai sake ɗaukar maganar da tasa muryar.

Washegari na hau amalanke zuwa Mayahi. Jaji ya miƙe ya ba ni kujera.

"Inna, ke da kanki? Ai da kin aiko."

"Maganar awaki ce ta kawo ni."

Ya duba ordinata. "Izininki bai ƙare ba, Inna."

Na gyara zama. Can na ce, "An ce za ku canza maganar nan."

"Umurni ne daga sama. An ce a ƙara cewa gawon bakin burtali na dabbobin makiyaya ne, manomi ba ya sara. Dole in ɗauki sabuwa."

"Muryar ɗana ce."

Ban san sa'ad da maganar ta fita daga bakina ba. Tun da na haife shi ban taɓa ce masa ɗana a gaban mutum ba.

Jaji ya sake duba ordinata. Sa'an nan ya ce, "To ai ƙarawa aka ce, Inna, ba a ce in goge ba." Ya juyo mini da ordinatar, ya nuna mini gurabe jere kamar kunyoyin gona. Na fari ya bar shi yadda yake, ya buɗe na biyu ya faɗi maganar burtali a ciki. Ya ce bari mu gwada, ya tura wa salulata.

A nan biron na ji sallamar Mai Nasara, kukan da na riƙe tun bazara ya zo. Jaji ya ɗauki tasa salular ya tafi bakin taga, wai yana neman rezo, wato layin waya.

Yanzu in kiran ya shigo ba na zagawa bayan rumbu. In ya yi sallama ina amsawa. In Jaji ya soma tasa maganar ta burtali, ita ma nakan saurara har ƙarshe, ko da yake gonata ba ta kusa da burtali.