Tawul Ɗaya, Gado Biyu

Kwana goma sha tara 'yata Shuyin ta yi a asibiti bayan babur ya karya mata ƙafa. An yi aiki, an ɗinke, ciwon ya ƙi kamewa. Sau uku ana canza magani. Likita Nie ta ce in na huɗun bai ci ba, za a yanke ƙafar daga gwiwa.

Ni ke jinyarta, uwarta tana aiki a masaƙa. A gadon kusa akwai Tsoho Pang mai gyambo a baya, ɗansa yana can nesa a birnin Shenzhen. Kullum da safe nakan ɗebo ruwan zafi in goge wa tsohon jiki, in matse tawul, sannan in goge wa Shuyin.

"Kai Kuang, a hankali! Kifi kake kankarewa?" in ji shi.

"Kawu, ai sana'ata ke nan."

"Shi ya sa nake warin kasuwa."

Ran Talata Likita Nie ta kira ni ofis, ta nuna min takarda mai zane-zane.

"Ƙwayar cutar nan sunanta ɗaya, amma dangi-dangi ce, kamar masu suna Kuang, kowa da ƙauyensu. Dangi shida muka samu a asibitin nan. Biyar suna jin magani. Ta Tsoho Pang ba ta jin wanda muka saba bayarwa, kuma ita ce a ƙafar 'yarka. Ma'aikatanmu suna canza safar hannu. Wa kuma yake taɓa su duka biyun?"

Na ce ni ne.

"Wa kake fara gogewa?"

"Babba mana. Yarinya ta riga dattijo ruwan zafi?"

Ba ta yi faɗa ba, ta dai rubuta.

Aka mayar da Shuyin ɗaki ita kaɗai, aka ƙone tawul ɗin. Ta gilashi nake ganinta. Kwana takwas ina ƙirga ɗigon ruwan da ake ƙara mata, ba na iya shan ko kunun shinkafa.

Magani na huɗun ya ci, amma sai da suka kankare ƙashin da ya ruɓe. Ƙafar tana nan, ta gajarce da yatsa biyu.

Ranar sallama na leƙa Tsoho Pang daga bakin ƙofa.

"Ka guje ni, mai kifi?"

"An hana ni, Kawu."

Ya ce in ɗauki lemo biyu a kan teburinsa in kai wa yarinya. Na yi godiya, ban shiga ba.

Shuyin tana cewa babur ne ya sa take ɗingishi. Har yau ban gyara mata ba.