Tsofaffin Kurangun Baba

Wadad ta tashi da fushi, kuma ba ta sha gahawa ba, abin da ya ƙara wa fushin kaifi. Ranar haɗa giya ba a shan gahawa, ba a cin tafarnuwa, ba a shafa turare. Mahaifinsu ne ya kafa dokar, kuma tun da ya rasu babu wanda ya taɓa ta, don a garinsu Zahle mutum yakan fi samun biyayyar 'ya'yansa bayan an binne shi.

Ita ce ke yin giyar gidan. Ƙanenta Iskandar shi ke sayarwa, daga wani ofis mai sanyi a Bairut, kuma yakan hauro dutse zuwa gida sau biyu a shekara da takalmi mai sheƙi don ya gaya mata abin da kasuwa ke so. Bana kasuwa tana son a tuge tsofaffin kurangun inabin Sanso da Baba ya dasa a gangaren bayan gida, a dasa na Sira a wurin.

Jar giyar gidan haɗi ne na inabi iri uku. Kabarne ke ba ta bauri da jiki, Sira ke kawo duhu da ɗan yajin masoro, Sanso kuma ke sassauta su da ƙamshin rumman. Iskandar ya ce Sanson ya tsufa, ba ya ƙara komai sai ruwa. Wadad ta ce shi ma haka yake a gidan, amma ba a tuge shi ba. Bayan watanni ana wannan, suka yi yarjejeniya: za a zuba haɗi biyu, ɗaya da Sanso, ɗaya babu, ba tare da ta san wanne ne wanne ba. Ita za ta zaɓi wanda ya fi. In mai Sanso ne, kurangun sun tsira.

Da yake babu wanda ya yarda da hannun ɗan'uwansa, aka kira Abuna Mikha'il, limamin cocinsu, ya yi zubin. Ya zo da wuri, kamar yadda yake zuwa duk wata hidima da ake yi kusa da ganga.

"Yaya, kin yi kyau yau," in ji Iskandar da ta sauko ɗakin gangunan.

"Matsa daga kusa da kofunan. Kana warin man aski."

"Ban shafa komai ba."

"To haka Allah ya yi ka ke nan. Matsa."

Abuna ya ajiye kofuna biyu a kan wata tsohuwar ganga. "'Ya'yana, mu tuna mahaifinku mutum ne mai son zaman lafiya."

"Ya taɓa jifan ka da mazurari, Abuna," in ji Wadad.

"Na yafe masa."

Wadad ta ɗauki na farko, ta juya shi, ta sa hanci. Ba ta buƙaci kurɓa ba. Rumman ɗin nan yana nan, da ƙamshin busasshiyar ƙasar gangaren, wanda ta sani kamar yadda ta san tarin mahaifinta daga bayan bango. Ta kurɓa duk da haka, ta juya a baki, ta tofar a bokiti. Giyar ta shigo da fara'a, ta kai tsakiyar harshe, sai ta zube. Kamar baƙon da ya yi sallama da ƙarfi sannan ya rasa abin faɗa. Baurin ya tsaya shi kaɗai a ƙarshe, ba abin da ya rufa masa asiri.

Ta ɗauki na biyu da fatan ya yi muni. Bai yi ba. Duhu ne, baƙin ɓaure da masoro, da ɗan hayaƙin gangar katako, baurin ya kwanta lumui, ɗanɗanon ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tafiya. Ta sake komawa na farko, ta ba shi dama irin wadda ake ba ɗan dangi a wurin neman aiki. Ya sake zubewa a daidai inda ya zube.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babu mai kama ta. In ta ga dama ta ɗaga na farko, ta ce wannan, shi ke nan. Iskandar ba ya bambance Sanso da ruwan wanke ganga, Abuna kuwa duk abin da aka zuba masa alheri ne. Amma za a ɗura shi a kwalba da sunan gidansu, wani a Bairut ya buɗe, ya kurɓa, ya ɗan yi shiru. Ta san irin wannan shirun. Ita ma tana yi wa giyar maƙwabta irinsa.

"Yaya, ko a kawo miki kujera?"

"Ka yi shiru, ɗan kasuwa."

Ta tura kofi na biyu gaba da yatsa ɗaya, kamar mai ture abin ƙyama.

Abuna ya yi gyaran murya. "Wannan shi ne wanda babu..."

"Na sani, Abuna. Tun kafin in kurɓa na sani."

Iskandar ya buɗe baki, fuskarsa ta fara shirin tausayawa, wadda ta fi murnarsa ban haushi. "Wallahi Yaya, ban so..."

"Kar ka kuskura ka yi mini ta'aziyya. Ba gaskiya gare ka ba, dace ka yi. Kai ko fitsarin akuya aka ce kasuwa na so, sai ka dasa akuya."

"To yaushe za a kira mai motar tono?"

"Ba motar da za ta hau gangaren nan. Da hannu za a tuge su, ɗaya bayan ɗaya, kuma kai za ka riƙe gatari. Ranar Litinin. Ka gaya wa kasuwa ba ka nan."

Ta haye matakala ta bar su. Abuna ya dubi kofi na farko, wanda aka kayar, ya ga babu mai nemansa, ya shanye.