Ƙulli Ɗaya, Ƙulli Uku

Shekara ashirin da bakwai Baba Fis yana kula da wutar benen nan mai hawa biyar, kuma a duk tsawon shekarun babu wanda ya gane cewa idonsa ba ya raba ja da kore. Mutum ɗaya ce ta sani, matarsa, wadda yake kira Tela saboda keken ɗinkinta da ya cinye rabin falonsu.

Ga mai gyaran wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jar waya ita ke ɗauke da wuta, baƙa ta mayar da ita, koriya kuwa a jikin ƙarfen inji ake ɗaura ta ta sauka ƙasa, don kada mai taɓawa ya sha. Baƙar yana ganinta sarai. Sauran biyun, ko an kai su tsakar rana, launi ɗaya yake gani, wani abu kamar ruwan shayin da ya kwana.

Tun suna sabon aure Tela ta samo dabara. Duk naɗin wayar da ya saya sai ya biyo da shi ta gida. Ta ɗauko zaren ɗinki mai kauri ta ɗaura masa, ƙulli ɗaya ja, ƙulli uku koriya. Sannan ta cika masa gwangwani biyu da guntayen zare ƙullallu, duk wayar da ya ja sai ya ɗaura mata nata a kowane baki. Kullum bayan karin kumallo take wannan aiki, da mita a bakinta.

"Ni dai na auri aiki," in ji ta. "Da albashi ake biya, da yanzu ni ke da benen."

Ana nan sai benen ya canja mai shi. Sabon mai ginin ya turo wata injiniya ta cire tsohon allon fis ta sa na zamani mai bireka, wadda ke yanke wuta da kanta in an samu matsala, sannan ta ba mai ginin shawara ko a ci gaba da Baba Fis ko a sallame shi. Wannan magana ta biyun ba a gaban Baba Fis aka yi ta ba, amma bene ne mai kunnuwa, kafin azahar ta iso shi ta bakin mutum uku.

Injiniyar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ba ta da yawan magana, ga ta da rubuce-rubuce, shi kuwa Baba Fis bai taɓa yarda da mai rubutu yana kallonsa ba. Kwana biyu yana biye da ita da tsani. Ya nuna mata inda babbar waya ta shigo daga mita, da cenja mai juya wuta zuwa janareto, da ƙaramin allon kowane hawa. Ya faɗa mata fis ɗin da ke ƙonewa duk ranar da mai wanki da guga na hawa na biyu ya haɗa dutsen guga uku a soket ɗaya, ya kuma rantse bai haɗa ba. Ita dai sai ta ce "to", ta rubuta.

Rana ta uku da hantsi aka kashe wutar ginin duka. Injiniya ta zo da wayoyinta sababbi, ta riga ta zura su ta bututu daga ɗakin allo zuwa injin tura ruwa da ke ƙarƙashin matakala.

"Baba, taimaka ka haɗa min injin ruwan, ni zan ƙarasa nan. In ka gama ka kira ni in kunna."

Ya durƙusa gaban injin ya buɗe murfin. Wayoyi uku sun leƙo daga bututu, tsirara, babu zare. Baƙar ya ɗaura a wurinta nan take. Ya rage biyu a hannunsa.

Ya juya su, ya kai su bakin taga, ya murza ido. Ya ciro testa mai nuna wayar da ke da wuta, sai ya tuna an kashe wuta, babu abin da za ta gaya masa. Ya ce a ransa ai rabi da rabi ne, kuma ko ya kuskure wataƙila sabuwar birekar ta yanke. Wataƙila.

Daidai nan Inna mai shara ta sauko da bokitinta. Kullum haka take yi, ta dafa jikin injin da jiƙaƙƙen hannu don gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, sannan ta sunkuya ta buɗe famfo. Yau ma ta dafa, ƙafarta cikin ruwan da ya tsiyaya a siminti.

"Baba Fis, yaushe za ku sakar mana ruwa? Ko sai na kai ƙararka wurin Tela?"

"Yanzun nan, Inna."

Ta wuce tana jan silifa. Ya bi sawun hannunta a jikin ƙarfen da kallo, yatsu biyar, har suka fara bushewa. Kunya ta kama shi, don ya san minti ɗaya da ya wuce yana shirin yin caca da ran matar nan don kawai kada ya rasa aikinsa. Ya ajiye sukudireba ya hau matakala zuwa ɗakin allo.

"Injiniya, sauko ki nuna min koriyar."

Ta juyo daga kan tsani. "Ban gane ba, Baba."

"Ba na ganinta. Ja da kore duk ɗaya ne a wurina. Haka aka haife ni." Ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ta. "Ki rubuta a littafinki, ba zan ji haushinki ba."

Ba ta rubuta ba. Ta sauko, ta sa hannu a tsohon allon da ta cire ta zaro wata guntuwar waya, da zare ɗaure a bakinta, ya yi baƙi don tsufa.

"Ashe wannan ne. Kwana biyu ina tambayar kaina wane ne ya bi ginin nan kaf yana ɗaura zare. Na auna sama da waya ɗari biyu, Baba. Ƙulli ɗaya wuta, ƙulli uku ƙasa, ko ɗaya bai saɓa ba. Na shiga gine-ginen da masu lafiyayyen ido suka haɗa, na fito ina salati."

"Ba aikina ba ne. Na mai ɗakina ne."

Injiniya ta ajiye guntuwar wayar. "Gaskiya zan faɗa wa mai ginin, ba zan ɓoye ba. Daga yau ba za ka ɗaura sabuwar waya ba sai an auna, kuma zan koya maka na'urar aunawar, ba ta tambayar launi. Amma zan gaya masa har da abin da ya hau da kai matakalar nan. In ya sallame ka, ya nemi wata injiniyar."

Tare suka sauka. Ta nuna masa koriyar. Wadda zuciyarsa ta so ya ɗaura a jikin ƙarfen, jar ce. Ya durƙusa ya ɗaura kowacce a wurinta.

Kafin ya tashi da yamma ta ba shi wani akwatin roba cike da ƙananan zobba masu haruffa, irin waɗanda ake zura wa waya. Ta ce su ne zaren zamani.

Tela ta saurari labarin tas ba ta katse shi ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Sannan ta buɗe akwatin ta juya zobban da yatsa.

"To, madalla. An sallame ni ke nan, ba kai ba." Ta yi dariya, amma idonta ya ciko, ta juya tana gyara zaren keke da babu abin da ya same shi.

Washegari bayan karin kumallo ya ɗauko naɗin waya biyu da Injiniya ta ba shi ya ajiye mata a cinya, ya ɗora akwatin a kai.

"Mene ne kuma?"

"Zobban suna da haruffa, na gani. Amma wa zai gaya min wanne za a zura wa wacce?"

Ta harare shi ta saman tabarau. Ta ɗauki naɗi ɗaya ta zura masa zobensa. Sannan ta jawo zarenta mai kauri, ta ɗaura a gefen zoben, ta ƙulla sau uku ta ja da haƙori.

"Ban yarda da roba ba," in ji ta. "Miƙo ɗayar."