Ƙanshin da Baba Kafinta Ke Nema

Ina shirin zuba sukari a kofi Mai Ganye, mai shagon haɗa shayi, ta riƙe mini hannu.

"Ajiye cokalin nan, Malam Sukari. Ɗanɗana tukuna."

Na kurɓa, na lumshe ido, na gyaɗa kai kamar wani masani. Gaskiyar magana, ni duk shayin duniya ɗaya ne a bakina, ruwan zafi ne mai launi, sauran aikin na sukari ne. Matata ta ce ko ruwan wanke-wanke aka tafasa mini zan ce a ƙaro. Amma duk mutanen benenmu, ni ɗin nan aka ga ya dace in zama ɗan aike tsakanin wannan baiwar Allah da maƙwabcina Baba Kafinta.

Shagonta wani ɗan ɗaki ne a ƙasan benen, kwalabe jere a kan katako har kusa da rufi: baƙin ganye, koren ganye, citta, kirfa, kanumfari, na'ana'a, busasshen ɓawon lemo, furen wardi. Ba ta da sikeli. Da yatsu take ɗiba, ta murza a tafin hannu, ta kai hanci, in bai yi mata ba ta zubar, in ya yi ta ƙunsa a takarda.

"Ungo," ta ce. "Na rage kirfa. Kada ka sa shi a aljihun da kake sa makulli, ƙarfe yana ɓata ƙanshi."

Bango ɗaya ya raba ɗakin Baba da namu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tilo tana aiki a wani gari mai nisa. Tun da ciwo ya kwantar da shi ya daina saukowa, kuma mu maƙwabta mun yi abin da muka fi iyawa, wato mu leƙa mu ce "ya jiki" mu wuce. Wata safiya ya buga bango da sandarsa. Da na shiga, sai ya ce abu ɗaya yake so kafin ya tafi: ya ƙara jin ƙanshin shayin da marigayiya ke haɗa masa. Ita kuwa ba ta taɓa gaya wa kowa abin da take sawa ba.

Haka aikin ya faro. Kullum in na taso daga ofis, in biya shago in karɓi ƙunshi, in hau in tafasa a butar Baba, in miƙa masa. Ɗakin duk kayan da ya ƙera da hannunsa ne, gado, kabad, da wata kujera da aka ɗora wa tsumma, wadda ban taɓa ganin kowa ya zauna a kanta ba. Ni a bakin gado nake zama.

Yakan riƙe kofin da hannu biyu, ya sa fuska cikin tururin, ya daɗe.

"Ba shi ba ne."

"To me ya rage, Baba?"

"Nata yana da wani abu a can ƙasa. Kamar katako in an yanka shi da safe."

"In je in ce mata ta zuba katako?"

"Kai dai je ka faɗa mata. Ita ta san abin da nake nufi. Kai hancinka na riƙe tabarau ne kawai."

Abin mamaki, ta kan gane. In na kai mata maganar, sai ta ɗaga kai ta dubi kwalabenta ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ta ƙara citta, ya ce ya yi faɗa da yawa, marigayiya ba mai faɗa ba ce. Ta sa wardi, ya ce wannan shayin amarya ne, shi na tsohuwa yake nema. Duk bayan hukunci sai labari ya biyo: yadda marigayiya take busar da ɓawon lemo a kan tagar can, yadda take hana shi magana sai ya gama kofin farko. Ni in zauna in shanye abin da ya ƙi, da sukarin da na ɓoyo a aljihu.

Da tafiya ta yi tafiya, maƙogwaronsa ya daina karɓar komai. Kofin ma ni nake riƙe masa, shi dai ya shaƙi tururi. Ƙanshin ya kama labule, ya kama tsumman kujerar nan, ya ratsa bango ya shigo mana. Matata ta ce wani lokaci in tana shara takan ji kamar akwai mace a ɗakin Baba, tana kai da kawo. Na ce mata buta ce. Ban gaya mata cewa ni ma na fara yin sallama sau biyu in zan shiga ba.

Mai Ganye ta rame a kan wannan aiki. Masu saye su zo su tarar tana murza abu a hannu tana magana ita kaɗai. Rannan ta ce ta gaji da ɗan aiken da ba ya bambanta kirfa da ƙasa. Ta rufe shago, ta hau benen da gwiwarta mai ciwo, tana hutawa a kowace kwana. Ita ta tafasa da kanta.

Baba ya shaƙa, ya daɗe fiye da kullum. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kin kusa, 'yar nan."

"Me ya rage, Baba? Faɗa mini ko ƙwaya ɗaya ce."

"Kin kusa ƙwarai. Ki dawo gobe."

Ta koma gobe, ta koma jibi. Kullum ta kusa. Ni kuma na zama mai riƙon buta, muƙamin da ya fi dacewa da ilimina.

Ya rasu wata Talata da hantsi, ina ofis ina faɗa da injin buga takarda.

Bayan an yi abin da ake yi, mutane sun watse, 'yarsa ta tsaya kwashe kaya. Na shiga taya ta ɗaure kwalaye. Ƙunshin takardun nan suna jere a kan taga, kowanne an ɗiba kaɗan an nannaɗe bakinsa. Muna cikin haka muka ji takun Mai Ganye a matakala, a hankali, tana hutawa. Ta shigo da sabon ƙunshi a hannu.

"Na haɗa shi tun safiyar ranar," ta ce. "Ina ganin wannan karon na same shi. Ke kin san na mahaifiyarki. Don Allah ki shaƙa ki gaya mini, ko hankalina zai kwanta."

Ba ta jira amsa ba, ta ɗora buta. Muka tsaya mu uku muna sauraron ruwa yana tafasa. Ta zuba a kofin Baba, ta rasa inda za ta ajiye don an kwashe tebur, sai ta ɗora a kan kujerar nan mai tsumma. Tururi ya miƙe a hasken taga.

'Yar ta sunkuya ta shaƙa.

"Yana da daɗi, Hajiya. Amma wallahi ba zan iya tunawa ba, lokacin ina ƙarama sosai."

"Shi ya ce na kusa. Kullum da bakinsa yake faɗa."

"Baba ne ya ce?"

"Yakan shaƙa ya gaya mini abin da ya yi yawa da abin da ya yi kaɗan."

'Yar ta dube ta, ta dube ni, ta dubi jerin takardun da ke kan taga.

"Ai tun farkon ciwon nan hancinsa ya mutu," ta ce a hankali. "Likita ya gwada shi a gabana. Ko hayaƙi Baba ba ya ji."