Bakin da Baba Ya Danne

Shekara ashirin da shida Baba yana karanta labarai a gidan rediyo. Da muryar nan tasa muka tashi, maganar birni tsaf, ba gargada. Mun san a wani ƙauye mai nisa aka haife shi, amma ba mu taɓa jin bakin can a wurinsa ba.

Wata safiya yana ɗaura agogo zai fita aiki, sai ya zube a bakin ƙofa. A asibiti aka ce jini ne ya toshe a kansa, amma abin ya zo da sauƙi. Bayan kwana uku ya yi magana. Ruwa ya nema, sai ni da Mama muka kalli juna. Yana jan ƙarshen kalmomi, kofin ma wani suna ya kira shi da shi.

"Likita, ko dai ya zauce ne?" in ji Mama.

"Hankalinsa ƙalau, Hajiya," in ji likitar. "Mai baki biyu, duka biyun a farke suke cikin kansa. In zai yi ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta danne ɗayan. Wurin dannewar ne ya yi rauni, shi ya sa na yarinta ya taso."

"Zai dawo?"

"Mai yiwuwa. Ba zan yi alkawari ba."

A gida kullum bayan karyawa Baba yakan ɗauki jarida ya karanta da ƙarfi, ni kuma in riƙe waya ina ɗaukar muryarsa. Layi biyu na farko sukan fito kamar da. A na uku sai ka ga gumi a goshinsa, harshen ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Ran nan ya yi jifa da jaridar.

"Ina jin maganar daidai a kaina," ya ce. "Kafin ta iso baki, waccan ta ƙauye ta riga ta. Farkon zuwana, shekara biyu na yi gaban madubi kafin su daina yi mini dariya a wurin aikin nan."

Bayan wata huɗu ya koma gidan rediyon. Na raka shi, na tsaya bayan gilashi. Jar fitila ta kama, ya fara gwaji. Bai kai minti ɗaya ba mai kula da na'ura ya sunkuyar da kai. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yallaɓai, tebur ɗin gyaran labarai na buƙatar irinka."

Can yake yanzu. Idan sababbin masu karatu sun yi kuskuren furuci, a takarda yake rubuta musu da jan biro.

A gida maganarsa ta ragu sosai. Jiya na ce, "Baba, ka koya mini irin maganar ƙauyenku mana."

Ya kalle ni. Sannan ya girgiza kai, ya ce in miƙo masa maganinsa.