Ƙwaryar Ruwan Kawu Kalla

Farfelar cikin injin ban-ruwana ta karye ranar Talata, albasa kuwa kwananta ashirin da dashe. Wanda ya san garka ya san abin da nake faɗi: mako guda ba ruwa, sai dai ka yi wa shuka ta'aziyya. Tun rasuwar mijina garkar nan ce ke ciyar da ni da 'ya'ya huɗu. Na aika Madawa, na aika Tawa, kowa ya ce injin ya tsufa, an daina kawo kayansa.

Sai ƙanena Muntari ya ce shi zai yi mini ita. Shekara biyu yana haɗa wata na'ura da tarkacen injinan buga takarda da yake gyarawa. Mutanen garinmu Bangi sun laƙaba masa Mai-tankaɗe, ni ma da ni ake dariyar, ba zan ɓoye ba. Akwatin katako ne. Wani ƙarfe ya shimfiɗa garin filasta, irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti, siriri kamar ɓawon albasa, kan injin ya bi yana ɗiga ruwan ƙaro inda kwamfuta ta nuna, a sake shimfiɗa wani garin. Wuni guda ana haka. Da ya tone garin da buroshi sai ga mazubin farfela, fari tas, sai dalma kawai yake jira.

Kwana biyu ya gasa shi gefen murhu, ni kuwa ina kallon ganye yana kwantawa ina masifa.

"Yaya, haƙuri za ki yi," in ji shi. "In da sauran laima ciki, hwashewa shika yi."

Ranar Juma'a muka kai wa Kawu Kalla, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya shekara arba'in yana zubin tukwanen dalma. Shi da jiƙaƙƙen rairayi yake aiki, busasshe rugujewa yake yi, don haka ƙwaryar ruwa ba ta rabuwa da gefensa. Muntari ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce cikin ƙaramar murya, "Kawu, wanga ba shi son ruwa." Iyakar abin da kunya ta bar shi ya faɗa ke nan. Yaushe ɗa zai koya wa kawunsa zubi?

"Na jiya," in ji Kawu, yana jujjuya abin yana taɓe baki.

Muntari ya zaga ɗauko awartaki. Kawu ya shafa mazubin, ya ji shi ƙamas. Hannunsa ya tafi cikin ƙwarya kamar yadda ya saba, ya yayyafa sau uku, filasta ta shanye nan take, ko alama babu. A gabana aka yi. Na tuna maganar Muntari sarai, amma na ce a raina, shekara arba'in ta fi akwatin katako sanin dalma. Na yi shiru.

Muntari ne ya sunkuya ya riƙe mazubin, Kawu ya tuttulo narkakkiyar dalma. Ƙarar ba ta fi ta fashewar tulu ba, amma dalmar ta yi tsalle ta same shi a fuska.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibitin Madawa. Idon dama ya tafi, na hagu yana ganin inuwa-inuwa. Kawu bai ƙara hura wuta ba, bai kuma gaya wa kowa ya yayyafa ruwa ba. Ni da 'ya'yana muka yi ta jan guga har hannuwa suka fashe, fangalin albasa shida muka ceto cikin tamanin.

Ranar da aka dawo da shi, ina gyara masa shimfiɗa ya lalubo hannuna.

"Yaya, albasa ta sha?"

Na ce ta sha. Ya san ƙarya nake yi.

"Laihina na," ya ce. "Ban gasa shi da kyau ba. Mutane sun yi gaskiya, wasan yara nika yi. Ki hwasa akwatin ki yi iccen tuwo da shi."

Wata uku ke nan. Akwatin yana nan ɗakinsa, na rufe shi da tsohon zanena, kullum da safe ina kaɗe shi. Kullum ina kai masa fura da niyyar yau zan gaya masa abin da na gani, sai ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu ya ce Allah ya saka mini da alheri, in fito.