Babban Yatsan Tela

Da hannun tsohon Tela ya fara rawa, abu ɗaya ya hana shi sakat: kada yankansa ya bi shi kabari. Sai ya zaunar da autarsa, yana faɗa tana bugawa a kwamfuta, yadda ake fitar da wuya da kafaɗa da hammata. Ta tura wa ma'aikatan shagon a waya, shi ma ta tura masa.

Ba a jima ba Dogo, mai yanka a shagon, ya ɗinka rigar da ko kan kyanwa ba zai shiga wuyanta ba.

"Wa ya koya maka wannan ɓarna?" in ji Tela.

"Kai ne, Baba. Ga wanda ka sake turo mana jiya."

Tela ya duba. Awon ba nasa ba ne. Ashe tun yana numfashi aikin ya fara lalacewa!

Aka kira Auta. Ta ce ya karanta a gabanta. Ya kafa tabarau, ya ɗora babban yatsansa, wanda almakashi ya mayar kamar guduma, a kan wayarsa, yana jan rubutun sama. Nan take wata lamba ta ɓace, wata ta maye gurbinta.

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ga ɓarawon a hannunka! Wannan Word ne, kamar yadin da aka zana da alli, kowa ya goga ya goge. Bari in mayar maka da shi PDF. Shi ɗinkakke ne."

Ta gyara, ta mayar, ta miƙa masa. Ya danna, ya murza, ya ƙara da ƙarfi. Ko ɗigo bai motsa ba. Ya yi ajiyar zuciya, sannan ya tsuke fuska.

"To, sarkin wayo, in na tuna wani abu fa? Kin ɗinke mini baki ke nan?"

"Mai allin yana kwamfutata. Ka zo gidana mu gyara."

"Ni zan bi ki? Yaran zamani!"

Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofarta, wai akwai gyara a awon aljihu. Jibi kuma maɓalli. Auta ba ta taɓa ce masa gyaran bai kai a hau mota ba. Kujera take jawo masa kusa da tata, ta ce, "Faɗi, Baba, ina ji."